Daga Teburin Magatakarda Zuwa Kujerar Majalisa: Waiwaye a Kan Ƙasar Mubi

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda hidima a ƙarƙashin masu mulki ta zama tsanin hawa majalisa a ƙasar Adamawa, da kuma rawar da harshe ya taka a ciki.

A zamanin mulkin Turawa, Mubi tana cikin yankin amana na Arewacin Kamaru, ana kuwa mulkinta daga En'e ta Yola. Jama'arta sun haɗa da Fali da Gude da Margi da Higi da Fulani, kowa da bakinsa. Saboda haka malamin hakimi ko tafinta wanda ya iya Hausa da Fulatanci, ya kuma ɗan taɓa Turanci, shi ne gada tsakanin talaka da hukuma. Shi yake rubuta jerin masu biyan haraji, shi yake isar da ƙara, ya san dagatai ɗaya bayan ɗaya. Da aka shigo da zaɓen hawa-hawa a 1951, irin waɗannan ma'aikata su suka fi saurin kaiwa Majalisar Kaduna, inda ake muhawara da Hausa da Turanci. Fitaccen misali a lardin shi ne Muhammadu Ribaɗu, wanda ya riƙe ma'ajin En'e ta Adamawa kafin ya je Majalisar Wakilai, ya kuma rasu yana Ministan Tsaro a 1965.

Sai dai wannan tsani yana da illa. Wanda ubangida ya ɗora, ubangidan yake wakilta kafin talaka. Ƙuri'ar raba-gardama ta Nuwamba 1959 ta tona wannan asiri, domin mafi yawan masu zaɓe sun gwammace a jinkirta shiga Nijeriya, kuma ƙorafi a kan mulkin En'e na daga cikin dalilai. Sai da aka raba yankin da Yola a 1960, sannan ƙuri'ar Fabrairu 1961 ta ba Nijeriya 146,296, Kamaru 97,659. Daga nan Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna.

A yau sunaye sun sauya: an sami mataimaki na musamman da mai ba da shawara a gurbin magatakarda. Jarin dai bai sauya ba, wato iya magana da sanin mutane. Abin da ya rage ga manazarta shi ne tattara kalmomin waɗannan muƙamai daga bakin dattawan Mubi tun suna raye.