Daga adakar Kambonse zuwa sakatar fistol

Idan ka taɓa zuwa Nalerigu ranar Damba, ka ji yadda Kambonse ke sakin bindiga a ƙofar fadar Nayiri har hayaƙi ya rufe dawaki. To, ka lura da abin da maharbin ke yi bayan kowane harbi: ya tsayar da bindigar, ya zuba albarushi ta baki, ya danna da sanda, ya ɗana, sannan ya sake harbi. Wannan ita ce adaka, kuma a kanta tarihinmu na yau zai fara.

Ta bakin teku ta shigo. Turawa suka riƙa sayar da ita a gaɓar Gana, har da mutanen Denmak masu ganuwa a Osu ta Ankara, waɗanda suka sayar wa Ingila ganuwoyinsu a 1850. Asante ta saya da yawa, amma ta tsare hanya, ba ta son bindiga da albarushi su wuce arewa yadda goro ke wucewa. Fatake Hausawa suna ɗaukar goro a Salaga, su bi ta Yendi zuwa Kano, bindiga kuwa sai da ƙyar. Sunan Kambonse ma a bakin Dagomba yana nufin mutanen Asante ne, don daga can aka koyo wannan salon yaƙi. Sai bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 riƙon Asante a kan Salaga ya saki.

Aibin adaka shi ne harbi ɗaya take yi, sai ka tsaya ɗuri. Raɓa ko yayyafi ya taɓa albarushin, ta zama sanda. An ga haka a Adibo, kudu da Yendi, ranar 4 ga Disamba 1896, a zamanin Ya Na Andani. Dubban mayaƙan Dagomba suka tari 'yar rundunar Jamus mai bindigogin da ake sa wa harsashi ta baya. Jarumta ba ta gaza ba, Kambonse sun tsaya har suka faɗi a inda suke. Amma kafin mutum ya gama ɗuri ɗaya, na gabansa ya harba sau da dama. Bayan haka aka cinna wa Yendi wuta.

A waɗannan shekarun ne wani maƙeri Ba'amurke, John Browning, yake aikin ƙaramar bindiga mai ɗura kanta. Sojan Amurka suka karɓi tasa a 1911, mai cin harsashi 7, kuma yawancin fistol da kake gani a ƙugun ɗan sanda a shingen Bawku ko Paga a kan wannan dabarar suke tafiya.

Ga yadda take. Saman fistol akwai murfin ƙarfe mai zamewa gaba da baya. Harsasai suna jere cikin gidansu a mariƙi, sifirin yana turo su sama. In an harba, ƙarfin harbin ya buga murfin baya, ya tofar da ƙwanson da aka harba, wani sifirin ya maido shi gaba, a hanya ya kwashi sabon harsashi ya cusa a gindin bututu. Duk aikin da Bakambonse ke yi da hannu biyu da sanda, ita ta gama kafin ƙiftawar ido.

Sai sakatar. A gefen bindigar akwai wani ɗan ƙarfe kamar sakatar ƙofa. Ƙarƙashin harsashi na ƙarshe kuma akwai 'yar faifa da sifirin ke turawa. Muddin da harsashi a kanta, ba ta kai ga sakatar. Da na ƙarshe ya fita, faifar ta hau har sama ta ɗaga sakatar, sakatar ta faɗa wani gurbi da aka yanka a jikin murfin. Shi ke nan murfin ya maƙale a baya, baki buɗe. Bindigar ce ke gaya wa mai ita cewa ta ƙare. Ana iya ɗaga sakatar da yatsa ma, a bar bindigar a buɗe don kowa ya leƙa ya ga babu komai a ciki. In sifirin ya tsufa ko datti ya shiga, sakatar takan ƙi kamawa, don haka murfi a rufe ba ya shaida komai.

A nan nake so ka buɗe kunne, kai da ke kwana a ruga ko a tashar mota. Mutum zai zare gidan harsashi ya nuna maka, ya ce ai babu komai, har ya miƙa wa yaro. Ƙarya ce ko rashin sani. Wanda murfin ya riga ya cusa a bututu yana nan zaune, kuma a yawancin fistol in an taɓa kunama zai tashi. Mai adaka ya san abin da ya zuba da hannunsa. Mai fistol sau da yawa bai sani ba.

Dokar Gana ta 1972 ta ce sai da lasin 'yan sanda ake riƙe bindiga, ko da adaka ce, kuma lasin Gana ba ya ƙetare iyaka da kai zuwa Togo ko Burkina Faso. In ka tsinci fistol a daji wajen kiwo, kada ka ja murfin don ka gwada abin da ka karanta a nan. Bar ta inda take, ka kau da yara da dabbobi, ka sanar da mai gari ko 'yan sanda.