Karatun jenom da biyo-anformatik: horon da ke ba ma'aikatan labo damar gano asalin annoba

Karatun jenom, wanda ake kira «séquençage» a Faransanci, hanya ce ta karanta rubutun gado da ke cikin ƙwayar cuta, harafi bayan harafi. Biyo-anformatik kuwa shi ne ilimin da ke amfani da kwamfuta da lissafi don fitar da ma'anar wannan rubutu. Tare suke tafiya: na'ura ce ke karantawa, mutum ne ke fassarawa. Tun bayan annobar korona, ƙasashen Afirka da dama sun sami na'urorin, amma masu iya fassara abin da suka fitar ba su da yawa. Wannan giɓi ne horon da ake ba masana ƙwayoyin cuta na ɗakunan binciken gwamnati, wato labo, yake neman cikewa. Maganar ta shafi Nijar kai tsaye, domin ƙasar tana tsakiyar yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya kai Habasha.

Mene ne jenom?

Kowane abu mai rai yana ɗauke da bayanin halittarsa a cikin wani sinadari da ake kira ADN. Haruffa 4 kawai ake rubuta wannan bayani da su: A, C, G da T. Jimillar rubutun, daga farko har ƙarshe, ita ce jenom. Na ɗan Adam yana da haruffa kusan miliyar 3. Na bakterin da ke haddasa annobar sanƙarau, mai suna Neisseria meningitidis, yana da kamar miliyon 2 da dubu 200. Na birus ɗin korona bai wuce dubu 30 ba, kuma shi da wani sinadari ɗan'uwan ADN, mai suna ARN, aka rubuta shi.

Duk lokacin da ƙwayar cuta ta hayayyafa, sai ta kwafi jenom ɗinta, kuma jefi-jefi a kan sami kuskuren harafi. Abin ya yi kama da yadda ake kwafar littafi da hannu a zaure. In almajiri ya tsallake kalma ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan tsallake. Masani da ya jera kwafi goma a gabansa yana iya faɗin wane ne ya ɗauka daga wane. Haka ma'aikacin labo yake yi da ƙwayoyin cuta. In ya gwada jenom na ƙwayar da aka samu a Magariya da na wadda aka samu a Yamai, zai san ko dangi ɗaya ne, ko kuwa kowace da asalinta.

Baturen Ingila Frederick Sanger ne ya fitar da hanyar karatun ADN da ta fi shahara, a 1977. A 1995 aka kammala karanta jenom na bakteri karo na farko, na Haemophilus influenzae, wanda shi ma yana cikin masu sa wa yara sanƙarau. Aikin da a wancan zamani yake cin watanni, yau kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi.

Daga asibiti zuwa kwamfuta

Aikin yana farawa ne a gefen gadon marar lafiya. Ga wanda ake zaton yana da sanƙarau, likita kan ɗebi ruwan laka ta gadon baya, a zuba a kwalba ta musamman, a aika labo. A can za a raini ƙwayar har ta yi yawa, a ciro ADN ɗinta, a daddatsa shi, a shirya shi da wasu magungunan aiki, sannan a sa a na'ura.

Na'urorin da aka fi amfani da su iri biyu ne. Na kamfanin Illumina suna karanta gajerun guntaye, masu haruffa 150 zuwa 300, kuma kuskurensu kaɗan ne. Na kamfanin Oxford Nanopore suna karanta dogayen guntaye masu dubban haruffa. Ƙaramarsu, MinION, tana shiga aljihu, kuma da kwamfutar hannu ake haɗa ta. A 2015, lokacin annobar Ebola, an yi aiki da ita a ƙasar Gine, inda aka riƙa samun sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an fitar da jinin waje ba.

Sai dai babu na'urar da ke fito da jenom a jere, a kammale. Abin da take bayarwa tarin guntaye ne, dubbai ko miliyoyi, a hargitse, kamar an yayyaga kwafi 50 na littafi ɗaya an zuba a buhu. Daga nan aikin biyo-anformatik yake somawa: a zubar da guntayen da suka lalace, a haɗa sauran ta wuraren da suka yi daidai da juna, a gwada abin da ya fito da jenom na ƙwayoyin da aka riga aka sani.

Darasin sanƙarau

Shekaru da yawa, rukunin A na ƙwayar sanƙarau ne yake haddasa manyan annobobi a Sahel. A 1996 da 1997 an ƙirga mutane kusan dubu 250 da suka kamu a Afirka, wajen dubu 25 suka rasu. Daga ƙarshen 2010 aka fara allurar riga-kafin MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, rukunin A kuwa ya kusa ɓacewa.

Ba a jima ba wani ya fito. A 2013 da 2014 an sami ɓullar rukunin C a jihohin Sakkwato da Kebbi na Najeriya. Da aka kai ƙwayar wani labo mai aiki da hukumar lafiya ta duniya, OMS, a birnin Oslo na ƙasar Norwe, sai aka tarar ba a taɓa ganin irinta ba, aka sa mata lamba ST-10217. A 2015 ta shigo Nijar da ƙarfi, musamman Yamai da jihar Doso. Sama da mutum dubu 8 aka yi zaton sun kamu, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya. Cibiyar CERMES ta Yamai, wadda ita ce labon ƙasa mai tantance sanƙarau, ta tattara ƙwayoyin, aka karanta jenom ɗinsu a cibiyar CDC da ke Atlanta a Amurka. Sakamakon ya tabbatar da cewa dangi ɗaya ne da na Sakkwato da Kebbi. A 2017 ita ce dai ta halaka sama da mutum 1000 a arewacin Najeriya, galibi a Zamfara, Sakkwato da Katsina.

Wani bincike da aka buga a 2018 ya bi salsalar ƙwayar. Ya nuna cewa ta fito ne daga wata irin da ke zaune a maƙogwaron mutane ba ta cutar da su. Daga baya ta karɓo, daga wata ƴar'uwarta, guntun ADN da ke ba ta damar yin ɓawon da ke kare ta daga garkuwar jiki, sai ta zama mai kisa. Madubin likita ba zai iya nuna wannan ba, karatun jenom ne kaɗai.

Irin wannan sani yana cikin abin da ya nuna cewa riga-kafin rukuni ɗaya ba zai wadatar ba. A 2023 OMS ta amince da sabuwar allura, Men5CV, mai kariya daga rukuni 5: A, C, W, X da Y. Najeriya ce ta fara amfani da ita a watan Maris na 2024, Nijar ta biyo baya a cikin shekarar.

Darasin yana da gefe na biyu. A duk waɗannan matakai, sai da ƙwayar ta hau jirgi zuwa Turai ko Amurka kafin a san asalinta. Annoba kuwa ba ta jira. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, sanƙarau, galibi na rukunin C, ya sake kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu, a daidai lokacin da cutar take ci a jihar Jigawa da ke ƙetaren iyaka.

Abin da ake koyarwa

Yawancin waɗanda ake horarwa ba sababbin hannu ba ne. Masana ƙwayoyin cuta ne, da masu haɗa magani, da ƙwararrun labo da suka saba da rainon bakteri da gwajin PCR. Horon yakan kasu kashi biyu.

Kashi na farko aikin hannu ne: ciro ADN mai tsabta, auna yawansa, shirya shi, da sarrafa na'ura. A nan ake koyon kiyaye gurɓata, domin ɗigo ɗaya daga kwalbar wani majiyyaci yana iya ɓata sakamakon wani.

Kashi na biyu shi ne na kwamfuta, kuma shi ya fi ba mutane wuya. Ana farawa da tsarin Linux, inda ake rubuta wa kwamfuta umurni da hannu maimakon danna hotuna. Sai a koyi duba ingancin abin da na'ura ta fitar. A ƙa'ida ana son a karanta kowane wuri na jenom ɗin bakteri sau 30 ko fiye kafin a amince da shi. Daga nan sai haɗa guntaye, da sa wa ƙwaya lambarta ta hanyar gwada ta da rumbunan bayanai na intanet, kamar PubMLST na jami'ar Oxford. Ana koyon neman alamun da ke nuna cewa ƙwaya ta daina jin magani, da zana bishiyar dangantaka mai nuna wace ta fito daga wace. Masu ci gaba sukan ƙara da harsunan kwamfuta irin su R da Python. Akwai kuma dandali kamar Galaxy, da ke sauƙaƙa aikin ga wanda bai ƙware da rubuta umurni ba.

Darasi na ƙarshe shi ne rubuta rahoto. Babban likitan gunduma ba ya buƙatar bishiya mai rassa 200. Yana son amsa a fili: ƙwayar bara ce ko sabuwa, allurar da ke hannu za ta tare ta, maganin da ake bayarwa yana aiki?

Inda ake samun horo

A watan Oktoba na 2020, hukumar Africa CDC ta Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Africa PGI, na dala miliyon 100, don raba na'urori da horar da ma'aikatan labon ƙasashe. Kafin nan, ƙungiyar H3ABioNet, da aka kafa a 2012 ƙarƙashin jagorancin jami'ar Cape Town, ta riƙa ba da darussan share fage: malami yana koyarwa ta intanet, ɗalibai suna taruwa a azuzuwa cikin ƙasashensu. A yankinmu, cibiyar Pasteur ta Dakar tana karɓar ma'aikata daga ƙasashen da ke aiki da Faransanci, jami'ar kimiyya ta Bamako tana da cibiyar biyo-anformatik, sannan a garin Ede na Najeriya akwai cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi, wadda ta fara karanta jenom na korona a Afirka cikin Maris 2020. OMS kuma ta fitar da tsari na 2022 zuwa 2032, da burin kowace ƙasa ta sami hanyar karanta jenom a kan lokaci.

Abubuwan da ke kawo cikas

Taron bita na mako ɗaya ko biyu ba ya mai da mutum gwani. Wanda ya dawo gida bai sami samfurin da zai yi aiki a kai ba, bayan ƴan watanni sai hannu ya kwanta. Magungunan aikin daga waje suke zuwa, suna da tsada, suna da wa'adi, kuma wasu sai a cikin sanyi, alhali lokacin sanƙarau shi ne lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya jawo asarar samfuri. Bayanan suna da nauyi, aika su yana buƙatar rezo mai ƙarfi. Yawancin manhajoji da littattafan da Ingilishi aka rubuta su, wanda ya yi karatu da Faransanci sai ya ɗauki kaya biyu. In kuma mutum ya ƙware, ƙungiyoyin waje sukan zo da albashin da gwamnati ba ta iya biya.

Akwai kuma batun amana. A ƙa'idar aiki, ba a haɗa sunan majiyyaci da jenom da ake sakawa a rumbunan duniya. Tsakanin ƙasashe ma akwai ƙorafi: a Nuwamba 2021, masana na Botsuwana da Afirka ta Kudu sun sanar da duniya nau'in korona na Omicron, sakayyar da suka samu ita ce aka rufe wa ƙasashensu hanyoyin jiragen sama.

Abin da ya shafi iyali

Karatun jenom ba ya warkar da kowa, kuma likita ba ya jiran sa kafin ya ba da magani. Yaron da ke da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti za a kai shi nan take. Amma ruwan lakar da aka ɗiba a ranar, in iyaye sun yarda, shi ne tushen duk wannan aiki. In an riga an ɗura wa yaro magungunan da ake saya a bakin titi, ƙwayar tana iya ƙin tsira a labo, a rasa abin da za a karanta.

Ga ɗaliban kimiyya da na likitanci a jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram, fannin ba ya buƙatar na'ura kafin a fara. Dubban jenom suna nan kyauta a intanet, har da na ƙwayoyin da aka ɗiba a Nijar a 2015. Kwamfutar hannu, ɗan Ingilishi da naci sun isa mutum ya soma koyon karanta su.