N'Gigmi: garin masunta da ruwa ya ƙaurace wa

Inda kwaltar da ta ratsa Damagaram, Gure da Difa ta tuƙe, kimanin kilomita 600 daga Zinder, nan N'Gigmi yake. Baƙon da ya sauka garin, ya ga rairayi da raƙuma, da wuya ya yarda cewa a da jiragen ruwa suna tsayawa a gindinsa. Amma kusa da nan ne, a Lari, ayarin su Denham da Clapperton ya fara hango Tafkin Cadi a watan Fabrairu na 1823. Har zuwa 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25.000.

Tun fil'azal ruwan na Buduma ne, masu kwale-kwalen ciyawa da shanun nan na Kuri masu kumburarrun ƙahoni. Barebari suna riƙe da kasuwa. Daga baya masunta Hausawa suka kwararo da ragarsu ta zaren roba, aka kafa tungaye a tsibirai. Abin da ya mayar da kifin dukiya shi ne hayaƙi: a yayyanka shi, a ƙyafe shi ya zama banda, sannan a ɗaure a kai Baga da Maiduguri, daga can har Anaca. Saboda haka ne naira ta fi sefa faɗa a ji a yankin.

Farin 1973 ya raba tafkin biyu. A cikin shekarun 1980 ɓangaren arewa, wanda N'Gigmi ke sha, ya ƙafe ƙurmus. Giwan ruwa ta yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure taɓo suka maye gurbinta. Mutane ba su tsaya kuka ba: in ruwa ya ja su shuka masara da wake a inda ya bari, in ya dawo su ɗauko komarsu.

Abin da fari ya kasa yi, yaƙi ya yi shi. Bayan harin Boko Haram a tsibirin Karamga a Afrilun 2015, hukuma ta kwashe mutanen tsibirai; a wannan shekarar ce kuma ta hana su da fataucin kifi, don a toshe wa ƴan bindiga hanyar kuɗi. Hujjar tana da nauyinta, sai dai masunci da mai banda da ɗan dako ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Sai a 2019 aka ɗage haramcin, bayan iyalai da yawa sun shafe shekara huɗu suna jiran abincin agaji a bakin kwalta.