Ƙaramar Kasuwar Yamai da Tarihin Masu Duba Gine-gine

Ƙaramar Kasuwar Yamai, wadda ake kira Petit Marché, Zabarmawa kuma suke ce mata Habu Ganda, ta daɗe tana ciyar da tsakiyar birnin da kayan lambu da nama da kifin kogin Kwara, har zuwa shekarar 2012 da gobara ta cinye ta, kamar yadda wata gobarar ta cinye Babbar Kasuwa a 1982, wadda ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Duk lokacin da irin wannan musiba ta auku, jama'a sukan ƙidaya rumfunan da suka ƙone da dukiyar da ta salwanta, alhali kuwa akwai wata hasara wadda ba ta shiga lissafi, wato abin da leburori da magina suke shaƙa a cikin buraguzai, wanda ba ya bayyana a jiki sai bayan shekara ashirin zuwa arba'in.

Mafi sharrin wannan ƙura ita ce ta asbestos, wanda ma'aikatan Nijar suka fi sani da amiyant, wani ma'adini mai zare-zare da wuta ba ta cin sa, wanda saboda wannan sifa tasa da kuma arharsa aka riƙa cakuɗa shi da siminti ana yin rufi da silin da bututun ruwa, har masana'antu irin su Nigerite ta Ikko, wadda aka kafa a 1959, da wasu a Inugu da Kano da Bauci, suka riƙa sarrafa shi. Matuƙar yana nan lafiyayye a inda aka kafa shi, cutarwarsa kaɗan ce. Amma da zarar an fasa shi, ko an huda shi, ko zafin gobara ya farfasa shi, sai zaren nan da ido ba ya gani ya tashi a iska, ya shige huhu, ya zauna har ƙarshen rai.

Ba a gane wannan gaskiya ba sai da rayuka masu yawa suka tafi. Tun 1906 wani sufeton ƙwadago na Faransa mai suna Denis Auribault ya kai rahoton mutuwar ma'aikata kusan 50 a wata masaƙar asbestos ta Normandiya, ba a saurare shi ba. A 1924 wata ma'aikaciya, Nellie Kershaw, ta rasu a Ingila, likita ya buɗe huhunta ya iske zaren a ciki, wannan kuwa yana cikin abin da ya jawo dokar 1931 wadda ta wajabta gwajin lafiyar masu wannan aiki. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da sankarar huhu, a 1960 kuma likita Wagner da abokan aikinsa suka nuna, daga ma'adinan Afirka ta Kudu, cewa yana haddasa sankarar fatar da ta lulluɓe huhu, ko ga wanda maƙwabtaka kaɗai ta haɗa shi da wurin haƙa. Faransa ba ta haramta shi ba sai 1997, Afirka ta Kudu kuma sai 2008.

Daga gane wannan haɗari ne aka sami sabuwar sana'a, ta mai duba gini kafin a taɓa shi, wanda yake hawa cikin silin, ya gutsuro samfur, ya aika ɗakin bincike, sa'an nan ya yanke hukunci ko a rushe ko a dakata. Da yake shi ne farkon mai tayar da ƙurar da yake tsare wasu daga gare ta, hankali da adalci suka hukunta cewa shi ma a riƙa duba shi: a tambayi tarihin aikinsa, a auna ƙarfin numfashinsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa idan likita ya ga hali, a gargaɗe shi game da taba, domin haɗuwarta da asbestos tana ninka haɗarin. Yarjejeniya ta 162 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1986, ta ce wannan gwaji kada ya ci kuɗin ma'aikaci, dokar Ingila kuwa ta ce a adana takardun shekara 40, saboda cutar takan zo bayan mutum ya bar aiki.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu, gama magabata sun san muhtasibi, wanda yake zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli da garun da ya karkata kan hanya, fuƙaha'u kuma sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a. Yamai birni ne da yake rushe tsoho yana gina sabo, tsofaffin kayan rufi kuma sukan koma hannun masu saye da sayarwa a kasuwar Katako. Saboda haka muna roƙon hukuma da 'yan kwangila da shugabannin kasuwa, kada a ɗaga guduma a kan tsohon gini sai masani ya duba shi, a ba masanin takunkumin da ya dace, a rubuta sunansa da na leburorinsa a littafin likita, a ci gaba da kiran su gwaji ko bayan sun yi ritaya.