BABI NA UKU: Tarihin Bindiga Mai Ɗura Kanta da Matsalar Cijewa a Wasan Harbin Faifan Yumɓu

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka ƙera bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin darma wadda take ɗura wa kanta harsashi, wato wadda da zarar an harba sai ta tofar da kwanso ta saka wani sabon harsashi ba tare da maharbi ya sa hannu ba. Za a dubi matsayinta a wasan harbin faifan yumɓu a Amurka da Turai. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duk wani sauyi da aka yi wa ƙirar wannan bindiga ƙoƙari ne na warware matsala guda: injinta da ƙarfin harsashi yake aiki, alhali harsashin gasa ba shi da ƙarfi kamar na farauta.

3.1 Asalin Wasan

Tun farko tantabaru masu rai ake saki daga akurki ana harbi. A shekarun 1870 aka koma cilla ƙwallayen gilashi a Amurka, sannan a shekarar 1880 George Ligowsky na birnin Cincinnati ya fito da faifan yumɓu, wanda yake shawagi a iska kamar tsuntsu. Ingila ta haramta gasar harbin tantabaru masu rai a 1921. Faifan gasa na wannan zamani ba yumɓu ba ne, galibi da garin farar ƙasa da wani abu mai danƙo kamar kwalta ake yin sa, kuma faɗinsa milimita 110 ne, amma sunan ya riga ya bi shi.

Wasan ya rabu gida-gida. Akwai tiraf, inda faifan yake tashi yana nisantar maharbi. Akwai kuma sikit, wanda aka ƙirƙiro a garin Andover na jihar Massachusetts wajejen 1920, aka raɗa masa suna a 1926. A sikit faifai suna giftawa ne daga ɗakuna biyu, a wasu wurare kuma biyu suke tashi lokaci ɗaya. Ke nan harbi na biyu dole ne ya biyo na farko nan take. A nan ne batun cijewar bindiga ya zama babbar magana, domin wanda bindigarsa ta ƙi ɗura harsashi na biyu hankalinsa ya rabu, kuma dokokin gasa sun ƙayyade sau nawa za a yi masa uzuri kafin a lissafa masa faifan a matsayin asara.

3.2 Browning da Ƙirar Dogon Shuri

John Moses Browning, mutumin garin Ogden na jihar Utah, shi ne ya fara ƙera irin wannan bindiga da ta karɓu a kasuwa, kuma ya sami takardar mallakar ƙirar a 1900. Ya daɗe yana sayar wa kamfanin Winchester ƙirƙire-ƙirƙirensa a kan kuɗi dunƙule, amma a wannan karo ya nemi a riƙa ba shi kaso a kan kowace bindiga da aka sayar. Shugaban kamfanin, T. G. Bennett, ya ƙi. Browning ya nufi kamfanin Remington, sai shugabansa Marcellus Hartley ya rasu a watan Janairu na 1902 kafin su gana. Daga nan ya tsallaka zuwa Beljiyam, inda kamfanin Fabrique Nationale na garin Herstal ya karɓi ƙirar, aka fara sayar da ita da sunan Auto-5, saboda harsashi biyar take ci. Daga 1905 Remington ma ya riƙa ƙera ta a Amurka, wadda daga baya aka sa mata suna Model 11.

Yadda take aiki shi ne, idan an ja kunama harsashi ya tashi, bututun bindiga da sakatarta sukan ja da baya tare a kulle, har tsawon da ya zarce na harsashi. Daga nan sifirin ya mayar da bututun gaba, kwanso ya fice, sannan sakata ta biyo baya ta tura sabon harsashi cikin ɗakinsa. Browning ya lura cewa ƙarfin harsasai ya bambanta, don haka ya sanya wani zoben tagulla da na ƙarfe a jikin bututun ajiyar harsashi, su riƙa yi wa bututun birki. Maharbi ne da kansa zai kwance bindigar ya jera zobban daidai da harsashin da zai harba. Idan ya bar su a tsarin harsashi mai ƙarfi ya ɗura mai rauni, bututun ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, kwanso ya maƙale. Idan kuma ya yi akasin haka, bindigar ta riƙa dukan kanta da kafaɗarsa har itacen gabanta ya tsage. Yawan mai ko ƙarancinsa a wannan wuri shi ma yana canza lissafin. Saboda haka da yawa daga cikin laifin da aka ɗora wa Auto-5 na mai riƙe da ita ne. Hujja kuwa ita ce an ci gaba da ƙera ta har zuwa ƙarshen shekarun 1990, kusan ƙarni guda.

Winchester dai ya ɗanɗana kuɗarsa. Takardun Browning sun haɗa har da ɗan maƙatan da ake jan sakata da shi, don haka bindigar da kamfanin ya fitar a 1911 sai an kama bututunta an danna baya kafin ta ɗuru, lamarin da ya jawo haɗurra ya kuma ɓata mata suna.

3.3 Zuwan Ƙirar Hayaƙi

Maharbin gasa yakan harba faifai 25 a zagaye ɗaya, kuma yakan yi ɗari ko fiye a wuni. Mafarauci ba ya yin haka. Don haka shurin bindiga, wanda mafarauci zai jure, yakan tara wa ɗan gasa gajiya har ya fara ƙifta ido ko noƙe kafaɗa kafin ya ja kunama. Wannan ne ya buɗe wa ƙirar hayaƙi ƙofa. A nan bututu ba ya motsi. Ana huda ƙananan ramuka a ƙasansa, wani ɓangare na hayaƙin albarushi ya bi ta nan ya tura fistan, fistan ya tura sakata.

An fara sayar da irinta a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, amma wadda ta yi fice ita ce Remington 1100 ta shekarar 1963, wadda Wayne Leek ya jagoranci ƙirarta. Ƙarfin shuri bai ragu a lissafi ba, sai dai injin yana rarraba shi a kan ɗan lokaci mai tsawo, kafaɗa ta ji shi kamar turi maimakon naushi. Cikin 'yan shekaru ta mamaye filayen sikit na Amurka, kuma an sayar da miliyoyinta.

Sai dai ba a samun daɗi kyauta. Hayaƙin da yake tura fistan yana barin baƙin toka a jikinsa da cikin ramukan, idan ba a wanke ba tafiyar sakata ta ragu. Akwai kuma wani siririn zoben roba da yake hana hayaƙin zurarewa. Idan ya tsinke bindigar ta koma mai harbi ɗaya-ɗaya. Abin mamaki ne a ce nasarar gwani a gasa ta rataya a kan robar da ba ta kai kuɗin harsashi ɗaya ba, amma haka abin yake, shi ya sa masu ita suke yawo da zoben ajiya. Bugu da ƙari, faɗin ramukan an auna shi ne daidai da wani nau'in harsashi. Remington 11-87 ta 1987 da bindigogin Beretta na shekarun 1990 sun rage wannan matsala ta hanyar sanya mafitar da take zubar da rarar hayaƙi idan harsashi ya yi ƙarfi.

3.4 Ƙirar Italiya

Bruno Civolani ya bi wata hanya dabam, kamfanin Benelli na garin Urbino ya fara sayar da ƙirarsa a 1969. Sakatar kashi biyu ce, da sifirin mai tauri a tsakani. Idan bindiga ta yi shuri baya, nauyin gangar sakatar yakan sa ta tsaya cik, sifirin ya matse, sannan ya wurga ta baya. Hayaƙi ba ya shiga injin, don haka ba ta yawan datti. Amma tunda da shuri take rayuwa, harsashi mai rauni ko nauyin da ɗan gasa ya ƙara wa bindiga yana iya hana ta kammala aikinta. Har ila yau tana dukan kafaɗa fiye da ta hayaƙi. Wannan ya sa ta fi karɓuwa wajen mafarautan agwagi.

3.5 Dalilin Rashin Karɓuwarta a Gasar Olamfik

An yi harbin tiraf a gasar Olamfik ta Faris a 1900, sikit kuma ya shiga a Meksiko a 1968. Shekaru da yawa doka ba ta hana bindiga mai ɗura kanta ba, muddin ba a saka mata fiye da harsashi biyu ba, amma kusan duk gwanayen wannan mataki bindiga mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, suke riƙewa, musamman ƙirar Perazzi da Beretta. Hukumar wasan harbi ta duniya ta rage nauyin ƙwayoyin harsashi zuwa giram 24 a farkon shekarun 1990, wato ta rage abin da injin mai ɗura kanta yake dogara da shi. Mai baki biyu kuwa harsashinta na biyu yana zaune a ɗakinsa tun farko, ba ya jiran fistan ko sifirin. Kowane baki kuma ana iya maƙure shi dabam, na farko don faifai na kusa, na biyu don na nesa. Sannan idan an karya ta, alƙali da sauran maharba suna gani da idonsu cewa ba za ta tashi ba. A layin tiraf ma, kwanson da mai ɗura kanta take wurgawa dama yakan faɗa wa maƙwabci yana shirin harbi, har aka ƙirƙiro ɗan ƙarfen da yake cafke kwanson.

A shekarun 2000 Beretta ya gwada haɗa biyun a cikin UGB25 Xcel, bindiga mai ɗura kanta wadda ake karyawa, tana cin harsashi biyu tana kuma zubar da kwanso ta ƙasa. Ba ta karɓu sosai ba, daga baya kamfanin ya daina ƙera ta.