"Yesterday I go": Tarihin muhawara kan hannun harshen uwa a kurakuran Ingilishi na Larabawa da 'yan Indonesiya

Ɗalibi a Alƙahira da ɗalibi a Jakarta ba su taɓa haɗuwa ba, harsunansu ma ba dangin juna ba ne, amma sai ka ga sun rubuta jimla iri ɗaya a takardar jarrabawar Ingilishi: "Yesterday I go to the market." Malami zai ja jan biro a ƙarƙashin go, ya rubuta went a sama, ya wuce. Su kuwa masana harshe sun shafe sama da shekara saba'in suna jayayya a kan wannan ɗan layin ja. Daga ina kuskuren ya fito? Harshen uwa ne ya yi kutse, ko kuwa tuntuɓe ne da duk mai koyo yake yi ko da wane harshe ya taso? Amsar ba wasa ba ce, domin a kanta ake rubuta littattafan makaranta, a kanta ake horar da malamai.

Bari mu fara da yadda harsunan biyu suke nuna lokaci.

Wanda ya yi karatun Ajurumiyya a zaure ya san rabon fi'ilin Larabci: mali, mudari'i da amri. Tushen wannan rabo yana cikin littafin Sibawaihi na ƙarni na 8. Fi'ilin yana sauya kama: kataba ya rubuta, yaktubu yana rubutawa. Amma kamannin nan biyu ba su zauna daram a kan jiya da yau ba. Sun fi karkata ga nuna ko aiki ya kammala ko bai kammala ba. Shi ya sa idan aka sa lam a gaban mudari'i ma'anar takan koma baya, lam yaktub, bai rubuta ba. Idan ana son aikin da yake gudana a baya sai a kawo kana, a ce kana yaktubu. Mai zuwa kuma a sa sa ko saufa. Sannan ga jumla ismiyya, wadda ba ta buƙatar fi'ili sam a halin yanzu: abi mu'allimun, mahaifina malami ne, kalma biyu rak.

Harshen Indonesiya ya bi wata hanya dabam. Aikatau ba ya sauya kama saboda lokaci ko kaɗan. Makan shi ne ci, jiya makan, yau makan, gobe makan. Ƙananan kalmomi ne suke ɗaukar nauyin: kemarin jiya, besok gobe, sudah an riga, sedang ana ciki, akan za a, belum ba a yi ba tukuna, pernah an taɓa. Kuma idan zance ya riga ya nuna lokacin, ba dole a sa su ba. Kada a ɗauka harshen ba shi da ɗafe-ɗafe. Yana da su birjik, kamar meN da di a goshin aikatau, sai dai aikinsu nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa, ba lokaci ba. Bahaushe zai ga kama a nan, tunda mu ma "ci" ɗinmu bai damu da jiya ko gobe ba, lamirin da ke gabansa ne yake sauyawa: na ci, zan ci, nakan ci. Bambancin shi ne namu dole ne, nasu ganin dama ne.

To, ra'ayin farko da ya yi ƙarfi ya fito ne daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, inda Charles Fries ya kafa cibiyar koyar da Ingilishi a 1941. A littafinsa na 1945 ya kafa hujja cewa kayan koyarwa mafi inganci su ne waɗanda aka gina kan kwatanta harshen ɗalibi da harshen da zai koya. Abokin aikinsa Robert Lado ya faɗaɗa wannan a littafinsa Linguistics Across Cultures na 1957: inda harsuna suka yi kama koyo zai zo da sauƙi, inda suka saɓa nan za a sha wuya. A bayan wannan tunani akwai ilimin halayyar ɗan Adam na wancan zamani, wanda ya ɗauki harshe a matsayin sabo. Tsohon sabo yana tare wa sabon sabo hanya, maganinsa kuwa maimaici har baki ya saba. Daga nan aka samu darussan nan na "ku maimaita bayana" da suka cika azuzuwa. Tsarin ya bazu. Raja Nasr ya fitar da littafi kan koyar da Larabawa Ingilishi a 1963. A Indonesiya, wadda ta zaɓi Ingilishi a matsayin harshen waje na farko a makarantu bayan 'yancin 1945 maimakon harshen Holan na 'yan mulkin mallaka, Gidauniyar Ford ta tallafa wa horar da malaman Ingilishi a shekarun 1950, lokacin da wannan salo yake tashe.

A gaskiya hasashen ya ci wasu maki. Balarabe yakan rubuta "My father teacher", sak jumla ismiyya, ɗan Indonesiya ma haka, domin dia guru, shi malami ne, ba ta buƙatar komai a tsakiya. Balarabe yakan ce "I live here since 2015" saboda a harshensa mudari'i ake amfani da shi tare da munzu. Ɗan Indonesiya yakan ce "I ever go to Bali", ya ɗauki pernah ya sa mata rigar ever, ko ya ce "I already eat", inda already take aikin sudah, aikatau kuma ya zauna yadda yake. Akwai wani abu mai amfani da Stockwell da Bowen da Martin suka tsara a 1965, duk da cewa Sifaniyanci suke kwatantawa da Ingilishi: wuri mafi wuya shi ne inda abu ɗaya a harshen uwa ya rabe biyu a sabon harshe. Mali guda na Larabci dole ya zaɓa tsakanin "I wrote" da "I have written". Ɗalibin ba kalma ya rasa ba, wata iyaka ce ake nema ya gani a inda harshensa bai taɓa shata ta ba.

Sai dai tun kafin a gama buga littattafan kwatance ginin ya soma tsagewa. A 1959 Noam Chomsky ya yi wa littafin B. F. Skinner kaca-kaca, ya nuna harshe ya wuce sabo. Malamai kuma suka lura da kurakuran da babu harshen uwar da zai iya haifar da su. Ɗauki goed da eated. Babu inda Larabci ko Indonesiyanci ya koya wa mutum haka. Ɗalibi ne ya gano dokar ed da kansa ya shimfiɗa ta ko'ina, kamar dai yadda yaran Turawa suke yi suna shekara uku. A 1967 Pit Corder na Jami'ar Edinbara ya rubuta maƙalar da ta juya akalar fannin, inda ya ce kuskure shaida ce ta dokar da ɗalibi yake ginawa a kansa, don haka abin nazari ne. Larry Selinker ya raɗa wa wannan tsari suna a 1972, abin da za mu kira harshen tsakani: ba harshen uwa ba, ba Ingilishi cikakke ba, amma mai dokokin kansa. Da Heidi Dulay da Marina Burt suka tantance kurakuran yara masu jin Sifaniyanci a 1974, ƙasa da kashi 5 cikin 100 suka danganta da harshen uwa. Nan fa aka koma ɗaya gefen gaba ɗaya, har ambaton harshen uwa ya zama kamar tsohon yayi.

A ganinmu an yi gaggawa, kuma a wannan shekarar ta 1974 aka samu abin da ya nuna haka. Margaret Scott da Richard Tucker sun bi rubutu da maganar ɗalibai Larabawa 22 a Jami'ar Amurka ta Bairut, suka ga aikatau na cikin wuraren da aka fi tuntuɓe, musamman zubar da is da are. Jacquelyn Schachter kuma ta ƙirga wani nau'in jimla mai sarƙa, irin mai who da which, a rubutun ɗalibai. Larabawa sun yi irin jimlar sau 154, sun kuskure a kusan kashi 20 cikin 100. Japanawa sun kuskure a kashi 8 kawai, amma sau 63 suka gwada. Wato ba ƙwarewa ba ce, gudu ne. Wanda harshensa ya yi nisa da tsarin sai ya kauce masa, mai ƙirga kuskure kuma ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Ka auna wannan da lokutan aikatau: ɗalibin da bai taɓa rubuta "had gone" ba, takardarsa za ta fito fes, alhali bai taɓa taka wurin ba.

Babban aikin da ya daidaita ma'auni shi ne binciken Gidauniyar Kimiyya ta Turai a shekarun 1980, ƙarƙashin Wolfgang Klein da Clive Perdue. Sun bi manya 'yan ci-rani a ƙasashe biyar suna koyon harshe a titi da wurin aiki, cikinsu har da 'yan Maroko masu koyon Faransanci da harshen Holan. Abin da suka gano yana da ban sha'awa. Kowa, ko da wane harshe ya zo, yakan fara da jera labari bi-da-bi yadda ya faru. Daga nan sai ya kama kalmomin lokaci, irin su jiya da bayan nan, aikatau kuwa a bar shi tsirara. Sai a mataki na uku ɗafe-ɗafe suke shigowa, wasu ma ba sa kaiwa can. Kun ga ke nan ɗan Maroko, wanda fi'ilin harshensa yake sauya kama iri-iri, shi ma yakan ratsa ta wani zango da yake magana kamar ɗan Indonesiya. Saboda haka "Yesterday I go" a farkon koyo ba ta isa shaida a kan harshen kowa ba. Roger Andersen da Yasuhiro Shirai sun ƙara da cewa ko ed ɗin ba a lokaci guda take sauka kan dukkan aikatau ba: takan fara da ayyukan da suke da ƙarshe bayyananne kamar fasa da isowa, ta makara wajen irin su so da sani.

Inda harshen uwa yake nuna ƙarfinsa shi ne tsawon zaman da mutum zai yi a zangon. Misali mafi shahara shi ne matar da Donna Lardiere ta yi nazari a kanta, wadda ta sakaya da sunan Patty. An haife ta a Indonesiya, iyayenta 'yan asalin Sin, ta taso da harsunan Sin waɗanda su ma aikataunsu ba ya sauyawa don lokaci, daga baya ta zauna a Amurka, ta yi karatun jami'a a can. A rahoton 1998, bayan kusan shekara 18 a ƙasar, tana sa alamar shuɗaɗɗen lokaci a kusan kashi 34 cikin 100 ne kawai na wuraren da ake buƙata idan tana magana. Amma ba ta taɓa rikita he da him ba, kuma a rubutunta alamar ta fi bayyana nesa ba kusa ba. Ma'ana ta san dokar. Wani ɓangare na matsalar a baki yake: walked da asked suna ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku cunkushe ba wasali, abin da harsunanta na farko ba su saba da shi ba. Indonesiyanci ma ba ya son irin wannan cunkoso a ƙarshen kalma, don haka ɗalibi yana iya nufin walked, kunnen malami ya ji walk. Balarabe ya fi samun sauƙi da baƙi biyu, yana da bint da kalb, amma uku sukan sa shi cusa wasali a tsakani.

Akwai kuma wata tambaya da yawancin ƙananan binciken da ake yi a jami'o'i suke tsallakewa, kuma tana damun mu: wane ne harshen uwar? Charles Ferguson ya nuna tun 1959 cewa Balarabe da karin garinsu yake tasowa, Fusha a makaranta yake samun ta. Bamisire yana da bi a goshin fi'ili don aikin da ake ciki ko aka saba, yana da ha don mai zuwa, abubuwan da babu su a Ajurumiyya. Mai kwatanta Ingilishi da Fusha kaɗai yana auna harshen da yaron ba ya mafarki da shi. A Indonesiya lamarin ya fi haka faɗi. Matasa ne suka ayyana harshen a matsayin na haɗin kan ƙasa ranar 28 ga Oktoba 1928, a ƙasar da take da harsuna sama da 700. Miliyoyin yara da Jabananci ko Sundanci ko wani harshen suke buɗe baki, Ingilishi shi ne na uku a wurinsu. Sa'ar masu binciken ita ce waɗannan harsunan ma galibi da ƙananan kalmomi suke nuna lokaci, shi ya sa sakamakon bai cika karkacewa ba.

To me wannan yake nufi a aji? Idan ɗalibin Alƙahira da na Jakarta sun wuce matakin farko amma kuskure bai tafi ba, ba magani ɗaya suke buƙata ba. Na Alƙahira ya riga ya san aikatau yana sauya kama, aikinsa shi ne sake shata iyakoki: ina mali ya tsaya, ina "have written" ta fara, me ya sa "since" ba ta zama da lokaci mai ci. Na Jakarta kuwa sai ya yarda da abin da a idonsa ɓarnar ƙoƙari ce, wato maimaita lokaci a jikin kowane aikatau bayan "yesterday" ta riga ta faɗi komai. Kuma kafin a yanke masa hukuncin rashin sanin nahawu, ya kamata a ba shi jimlar ya rubuta, sannan a sa shi ya karanta ta da baki, a ga a wanne daga ciki ed ɗin take ɓacewa.