Kartar Tarot da Darar Kano: Wasa Ya Riga Duba

A ƙarni na 15, zamanin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, masu zane a biranen Milan da Ferrara na ƙasar Italiya suna yi wa sarakunansu wata sabuwar karta da hannu, da ruwan zinariya. Ita ce ake kira tarot. Yau da an ambaci sunanta sai zuciya ta tafi ga 'yan duba. Tarihi kuwa ya nuna cewa don wasa aka ƙirƙire ta, duba daga baya ya shigo. A kan wannan nake ganin mai zayyanar Kano yana da hujjar tsara kartarsa ta gida, wadda za ta tsayu a kan dara, ba tare da ya taka iyakar addini ba.

Karta ba daga Turai ta faro ba. Ta shiga can wajen shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, kuma mafi shaharar shaida ita ce kartar Mamalik na Masar da ke ajiye a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul, wadda masani L. A. Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gida huɗu gare ta: kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar folo. Kowane gida yana da sarki da mataimaka, amma babu fuskar mutum a jikinsu, sai rubutun Larabci da adon da ya yi kama da na bangon littafi. Italiyawa suka karɓa, wajen 1440 suka ƙara manyan katuna 21 masu cinye sauran, da guda ɗaya na wawa, har tsarin ya tsaya a kan 78. Fiye da shekara 300 ana buga ta a fada da kasuwa. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa asirin tsohuwar Masar ne ke ɓoye a cikin hotunanta, ba tare da wata hujja ba. Wani mai suna Etteilla ya bi sawunsa ya mayar da ita sana'ar duba. Har yanzu a Faransa da Ostiriya mutane na buga ta a matsayin wasa kawai.

Kayan aikin ba baƙi ba ne a Kurmi. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa takarda mai tambarin wata uku a cikin hajar da ayari ke kawowa ta Sahara, kuma a arewacin Italiya ake yin ta. Wato takardar da malamanmu suka yi ta rubutu a kanta daga yankin da aka haifi tarot ta fito. A kasuwar akwai 'yan littattafai, akwai dukawa masu ɗinka gafaka da jar fata, a unguwannin birni kuma akwai masu zayyanar allo da ke jera murabba'i da da'ira da tawada baƙa da ja da rawaya. Wanda ya iya wannan aiki ba ya bukatar koyon zanen fuska kafin ya yi karta.

Ita dara kuwa tana bukatar mai ajiye ta. Gurbi 30 ne ake tonawa a ƙasa, layi 5 mai gurbi shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe tsinke, ɗaya ya riƙe tsakuwa. Sai an gama zubi ake fara tafiya gurbi-gurbi, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin wasa. Duk gwanintar tana cikin zubi, domin tun a nan gwani yake kafa tarkon da abokin wasa zai faɗa ciki bayan tafiya da yawa. Amma da an tashi, iska ko ƙafar mai wucewa ta share gurbin, dabarar ta koma cikin kan tsoho. Yara sun koma lido da wot da wasannin waya. In kowane kati ya ɗauki hoton zubi guda, a rubuta a ƙasa wanda tafiya ke hannunsa, to an sami littafin dara da za a iya sawa a aljihu. Gidajen huɗu na iya zama goro, gishiri, fata da wuri, hajojin da suka gina Kurmi. Manyan katuna kuma a rubuta sarautu da ajami, Madaki, Makama, Galadima, Sarkin Kasuwa, kamar yadda Mamalik suka wadatu da rubutu.

Mai suka zai ce sunan ya riga ya ɓaci, kuma duk abin da ya yi kama da duba a nisance shi. Maganar tana da nauyi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan hani ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a yashi, kuma ba wanda ke neman sassauci a nan. Sai dai a lura, mai bugun ƙasa da mai dara duk a kan ƙasa suke aiki da yatsa, kuma Bakano bai taɓa kasa bambance su ba. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa yake da'awa. Sharaɗin mai tsarawa ke nan: kada ya sa ko ɗaya daga cikin siffofi 16 na bugun ƙasa, kada ya sa hatimi, kada ya rubuta wa kati fassarar arziki ko aure ko mutuwa. Sunan tarot ma ba dole ba ne, tsarin ake so.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi a ganina, wato caca. A ƙasar Hausa karta ta daɗe da zama abokiyar caca, kuma gidaje da yawa sun mutu a kanta. Amma caca da sa'a take rayuwa, ita kuwa kartar da ke ɗauke da zubin dara lissafi take nema, wanda bai iya ba ko an ba shi kati mafi kyau zai sha kaye. Ba a hana mai son caca ya yi ta a kan komai, har a kan ƙwallo yana yi, sai dai wannan karta ba ta ba shi ƙofa.

Tsofaffin da suka san zubi suna raguwa. Ya kamata masu zayyana da dukawan Kurmi da malaman zane na makarantun Kano su zauna da su tun suna raye, a zana abin da ke kansu a kan takarda.